Rijiyar Cikin Kufai

Tunda ka dage sai ka fara da abin da ido zai gani, ɗan'uwa, zauna ka ji yadda wani falke ya yi da gidan kakanninsa.

Kakannin nasa mayaƙa ne. Sun yi gida bisa tudu, suka zagaye shi da ganuwa mai kauri, duk ƙauyukan kewaye nan suke fakewa in an kawo hari. Da zaman lafiya ya samu, mutane suka gangara bakin hanya. Gara ta cinye azara, soraye suka rufta, gandun gidan ya koma jeji, awaki suka mai da zaure makwancinsu. Falken ya dawo da furfura da ɗan abin da ya tara, ya ce zai ta da gidan. Dangi suka matsa masa ya fara da babbar ƙofa, don mai wucewa ya san gidan yana da magada. Ya zagaya kufan a hankali, ya dawo ya ce, "Ba a kwaɓa ƙasa da yawu." Ya sa aka yashe tsohuwar rijiyar tsakar gida, ya share gandu ya shuka dawa da gero, ya gyara rumbuna. Aka yi ta masa dariya, wai ya zo gyaran gidan sarauta ya ɓige da noma. Baffansa har ya daina amsa gaisuwarsa. Abin ya sosa masa rai, amma bai ajiye fartanya ba.

Sai aka yi wani rani mai tsanani, rijiyoyin bakin hanya suka ƙafe, tasa kuwa ba ta ja baya ba. Mata suka riƙa haurowa da tuluna, bai hana kowa ba. Wanda tsabarsa ta ƙare, ya buɗe masa rumbu. Ranar da ya kira gayya, tudun nan bai ɗauki jama'a ba. Ga ruwan kwaɓi a kusa, ga tuwo a tukunya, masu tubali suna yi suna waƙa. Ganuwa ta miƙe, soraye suka sami rufi, ƙofa ita ce ta zo ƙarshe, ta kuma fi ta da kyau. Baffan ya hauro da sandarsa, ya zauna a sabon zaure, ya ce a ba shi ruwa ya sha.

To, ka ji. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce, da ruwan ciki ake jan na rijiya.