Baƙuwar Lopaka

Lopaka ya tsallaka katangar maƙwabciyarsa kamar ba shi ne mai ciwon gwiwa ba. Shekararsa saba'in da ɗoriya, amma yau har da turare.

"Puanani, yaya ake cewa 'zo mu ci abinci' da Hawayanci?"

Puanani, wadda aka haifa a tsibirin Niihau na Hawai inda harshen bai taɓa mutuwa ba, ta ɗago daga wankin gwaza.

"Mutum biyu ko taro? Kowanne da kalmarsa."

"Biyu."

"Iye, tsohon banza. To ce: E ʻai kāua."

Ya yi ta maimaitawa yana dariya har ya isa gida. Iyayensa sun sha bulala a makaranta saboda harshen nan, don haka da Turanci suka rene shi. Bai taɓa jin zafin hakan ba sai a bikin da aka yi kwanan baya, da ya gai da wata baƙuwa da Turanci, ta kalle shi sama da ƙasa, ta juya masa ƙeya.

Washegari ya dawo neman "kin yi kyau." Jibi kuma "zauna kusa da ni." Daga nan sai "a hankali, da zafi."

Puanani ta fesa wa matan coci, matan coci suka fesa wa rabin garin Hilo. Tun rasuwar matarsa ba a ga haƙoran Lopaka ba, ga shi yanzu yana gaida karnuka da Hawayanci. Ya wanke baranda, ya kwashe ƙugiyoyin kamun kifinsa ya kulle a ɗaki, ya dafa kulolo, wato alawar gwaza da madarar kwakwa.

"In ta ƙi fa?" in ji Puanani.

"Tana iya ƙi. Ba ta da kara ko kaɗan."

Ranar Asabar mata uku suka laɓe bayan labulen Puanani suna ture juna. Mota ta tsaya. Lopaka ya sauko daga baranda da sarƙar furanni a hannu. Ya buɗe ƙofar baya, ya rusuna, ya faɗi kalmominsa ɗaya bayan ɗaya ba tuntuɓe.

Baƙuwar, wadda da Hawayanci kaɗai ake yi mata magana a gida, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta zare babban yatsanta daga baki, ta miƙa hannu biyu, a karo na farko ta yarda kakanta ya ɗauke ta.