Murjanin Bayan Shago

Marigayiya uwar 'ya'yana ce ta ba ni wannan misali, Allah ya jiƙanta. Ni ma ga shi na ba ka, tunda na ga idonka ya fara bin abin da ke ƙyalli.

An yi wata mata a Legas da mijinta ya rasu ya bar mata akwatin gilashi cike da ruwan gishiri a falo. Ba kifi kaɗai ke ciki ba. Shekara tara mutumin ya yi yana kiwon murjani mai rai, irin mai laushin nan da ba shi da ƙashi, wanda ke rangaji idan ruwa ya motsa. A kan dutsen da ke tsakiyar akwatin ya bar gurbi kamar faɗin tafin hannu, yana cewa nan zai dasa murjani mai ƙashin dutse ranar da hannunsa ya faɗa. Ranar ba ta zo ba. Yana kwance cikin ciwon ajali ta yi masa alkawarin cike gurbin. Ta kuwa san nauyin da ta ɗauko: in ta sa wanda ba shi da juriya ya mutu a ciki, ruɓarsa za ta gurɓata ruwan, ta tafi da wahalar shekara tara.

Da ta fita takaba, wani Alhaji aminin mijinta, wanda shi ma yake da irin wannan akwati, ya raka ta shagon da ake sayar da murjani. A bakin ƙofa an jera masu rassa siri-siri kamar ƙahon barewa, shuɗi da ruwan hoda, fitila tana dukansu. Nan take Alhaji ya zaɓi uku. Ita kuwa ta zarce bayan shago, inda wani tsohon akwati yake jingine da bango, gilashinsa duk gansakuka. 'Yar manomi ce. Ta taso tana ganin ubanta ba ya ajiye iri daga zangarniyar da ta fi tsawo a shekarar ruwa, sai daga wadda ta yi ido a shekarar fari. Don haka ta tambayi mai shago wanne ne ya fi daɗewa a hannunsa bai mutu ba. Ya sosa ƙeya, ya nuna wani dunƙulen murjani mai ƙashi, ruwan ƙasa. Ya ce shekara biyu ke nan ba wanda ya taya shi, an sha ɗauke wuta a kansa, ga masu laushi sun kewaye shi, amma ko gezau.

Alhaji ya ƙyalƙyale da dariya. "Haba Hajiya! Ki tsallake duk wannan kaya ki ɗauki curin daddawa? In miya za ki kaɗa, ai da mun tsaya kasuwa."

Ta ce, "Bar ni da daddawata, Alhaji. Ita ba ta tsoron zafin tukunya."

Guda ɗaya tak ta kawo gida. Ta dasa shi a gurbin, ta matsar da masu laushin baya, domin mijinta ya sha gaya mata cewa yauƙin da suke fitarwa yana cutar da mai ƙashi. Ta sake gawayin matatar ruwa, sannan ta ƙyale shi. Wata da watanni baƙi suna shigowa suna tambaya, wannan dutsen fa, me yake yi a nan? 

Sai ga lokacin zafi ya kama, aka ɗauke wuta kwana huɗu, fetur kuma ya yi wuya a gari. Ruwan akwati ya tsaya cik, ya fara ɗumi. Ta riƙa ɗiban sa da moɗa tana zubawa daga sama don ya sha iska, tana jefa gorar ƙanƙara in ta samu. Alhaji ma haka ya yi a nasa gidan, bai gaza ba. Amma ran na biyar ya yi sallama da leda a hannu, cikinta rassa uku farare fat kamar ƙashin kifi, sun kuma tafi da rabin masu laushinsa. Ya sunkuya gaban nata akwatin ya daɗe yana kallo. Curin daddawa ya takure, amma da fitila ta dawo sai ga ƙananan bakunansa suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ko ɗaya cikin kiwon marigayi bai mutu ba.

Kafin shekara ta zagayo curin daddawa ya cike gurbin nan taf, har ya zubo gefen dutse, bakin-bakinsa ya yi tsanwa shar kamar sabon tsiron gero. Ranar da Alhaji ya sake gani, ya gyara hula ya yi ƙasa da murya: "Hajiya, a ɗan sam mini daddawar nan." Ta naɗe hannun riga, ta ɓallo masa ɗan gefe, tana murmushi, idonta cike da ƙwalla.

Ka ji dalilin da ya sa Hausawa suke cewa, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.