Tayil na Biyar

Wata uku ke nan da sauya mata ƙashin ƙugu. Ciwo ya warke, tsoro ya ƙi tafiya, da ta ɗaga ƙafa sai ta ji kamar ƙarfen zai goce. Likitar da ke kula da fargabarta ta ce wanda ta fi yarda da shi ya riƙa tsayawa gabanta yana miƙo hannu, kullum ya ja baya da tayil ɗaya.

Telan da zai aure ta ne ke tsayawa. Yau yana kan tayil na biyar, amma hannuwansa suna aljihu.

"Miƙo mana," ta ce, tana dafe da gado.

Ya sunkuyar da kai. "Hajiyarmu ta ce a bar maganar auren. Wai ƙafar nan..."

"Kai me ka ce?"

Ya juya ya fita.

Ba ta san lokacin da ta saki gadon ba. Taku ɗaya, biyu, har ta iso inda ya tsaya, ba sanda, ba hannun kowa. Ta buɗe baki za ta ce ya dawo ya gani, sai ta ji tashin babur ɗinsa.