Hagun Ɗan Kokowa

Ta hagu aka sake kayar da shi a gaban jama'ar Galma. Shekara da shekaru yana ban ruwan albasa da hannu guda, har dama ta yi kauri kamar gungume, hagu kuwa sai ka ce ta aro. In ya ƙara faɗuwa, ba shi cikin masu zuwa gasar Tawa.

"Ka taɓa ganin mace da hannu guda ƙato?" in ji matarsa. "Mu mata, sauya hannu mukai wurin daka." Ta miƙa masa taɓarya.

"Ni da daka?"

"Ina ruhe ƙohwa, ba mai gani."

Duk damina maƙwabta suna yabon ƙarfin dakanta.

Bayan girbi, a filin Madawa, abokin karawarsa ya nufi hagun yana murmushi, sai ya ji ƙafafunsa sun bar ƙasa. Maza suka ce sabuwar laya ce. Mata kuwa suka toshe baki da mayafi, don sun ga abin da ya yi: da ya cilla ƙaton sama, sai da ya tafa hannu kafin ya cafe shi.