Guntun Muryar da Manhaja Ta Tono

Mu uku ne a wannan labari: ni, da 'yata mai gyaran kwamfuta, da mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta.

Ranar da 'yata ta ɗora wa tsohuwar kwamfutata sabon tsarin aiki na kyauta, wanda kowa ke iya gyarawa, ta share komai, har da muryar marigayiya da muka taɓa ɗauka. Ba mu da wata.

"Baba, kwantar da hankalinka," in ji ta. "Akwai manhajar da na fi amincewa da ita, mai tono abin da aka goge. Ba ta taɓa kunyata ni ba."

Manhajar ta wuni tana tono. Da la'asar ta fito da guntun murya ɗaya tak. Sabon tsarin ya riga ya danne sauran.

Muka kunna. Sai ga marigayiya tana dariya: "Malam, kashe abin nan. Ina za ni? Gobe sai mu ɗauka da kyau."

Nan ya ƙare.

Idan na kuskure sunan wani kayan aiki, masu karatu su gyara mini, domin da furfura na koyi rubutu. Maganarta kuwa ban kuskure ba.