Guɗar Mahaifiyar Hajiya Tasalla

Tun shekarar da rumbunan intanet suka ƙone, muryoyin magabatan Bichi ba su rage ko'ina ba sai a tsofaffin kaset na ɗakin ajiyar gari, inda Lantana take aiki. Da hantsi Hajiya Tasalla ta zo mata da bukata: guɗar da mahaifiyarta ta rangaɗa ranar auren ita Hajiyar take so, don ran Asabar za a kai jikarta ɗaki.

Lantana ta bi kwanan watan takardar aure, ta laluba akwatin da ta ɗauka na Maris ne kaf, babu sunan gidansu.

Hajiya ta leƙa rubutun ajamin da ke jikin akwatunan, ta kwashe da dariya. "Ai hannun marigayi Malam Ɗanjuma ne! 'Yar nan, ina ruwansa da watan Bature? Duba watan azumin tsofaffi."

Ga shi kuwa. Na'ura ta haɗiye kaset, ta yi gurnani, sai guɗa ta cika ɗakin, siririya, doguwa. Hajiya ta kama hanci ta amsa wa uwarta, masu jiran layi suka ɗauki tafi.

"Allah ya yi miki albarka!"

"Amin, Hajiya. Na kwafe miki a waya."

Lantana ta zare kaset ɗin, zarensa ya zube mata a tafin hannu kamar garin lalle. Tsohon kaset sau ɗaya yake juyawa. Sunayen gidaje arba'in ne a jikinsa, guɗar gida ɗaya kawai ta kwafe.

Ta dunƙule hannun, ta ci gaba da murmushi har Hajiya ta fita.