Laima Ɗaya a Hanyar Maraɗi

Malam da matarsa suna wuce iyakar Jibiya ke nan, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, motar ta kafe a taɓo. Tsawon wata guda baiwar Allah tana shirin ganin Maraɗi ta Nijar, wadda ake ce wa ƙasar Faransa: ta ƙunsa lalle, ta daka dakuwar guzuri. Shi kuwa mijin kunya ta rufe shi, alkawarin shekara talatin na kai ta can ya tsaya a laka.

Ya buɗe laimarsa. "Matso kusa, uwar yara, kada ki jiƙe."

Suka tako gida kafaɗa da kafaɗa.

Maƙwabta suka ce, "To, me kika gano a Faransa?"

Ta yi murmushi. "Shekara talatin ƙeyar Malam nake bi a hanya. Yau, albarkacin ruwa, fuskarsa na kalla har gida."